Gaisuwa a Ofishin Manaja

Lidiya ta durƙusa a ofishin manaja. Yaƙi ne ya koro ta daga Kamaru, kuma idan wannan kamfanin fata na Challawa bai ɗauke ta aiki ba, ita da 'ya'yanta sai komawa sansanin 'yan gudun hijira. An riga an gargaɗe ta: manaja ba ya ɗaukar wanda bai iya gaisuwar Kano ba.

Ƙarƙashin ɗankwalinta akwai ɗan abin sauraro a kunne. Manhajar AI da ƙungiyar agaji ta saka wa 'yan gudun hijira a waya tana raɗa mata gaisuwar, ita kuma tana maimaitawa.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya aka ji da jama'a?"

Manaja Mu'az, ɗan mai kamfanin, ya amsa tiryan-tiryan. Ya dubi sakatariyarsa. "Kin ga tarbiyya, Zulaihatu! Ba irin masu zuwa garin mutane ba su san al'ada ba. Gobe ta fara aiki."

Yana miƙewa hularsa ta zame, wani ɗan abu ya faɗo daga kunnensa. Sai wayarsa ta ɗaga murya, muryar nan da Lidiya ta sani: "Madalla, baƙonmu! Yanzu ka ce mata, a gaida gida."

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. "A Landan ya girma, bara ya dawo," ta ce wa Lidiya ƙasa-ƙasa.

Washegari da safe Lidiya ta ajiye wayarta kusa da ta manaja, wayoyin suka yi ta gaisawa, ita kuwa ta wuce bakin aiki.