Sikoc Ya Ƙare a Filinge

Fatar kyamarar ta sake ɗagowa daga gefe. Malam Kailu ya danna ta da babban yatsa, ta kwanta, ya sake ta, ta tashi. Ya mayar da kyamarar cikin jaka ya rataya a kafaɗa. Lahadi ce, kasuwar Filinge tana ci.

Kyamarar ta ɗansa Naziru ce, irin ta dā mai cin fim, wadda ya tsinto a wurin 'yan gwanjo a Yamai. Uba da ɗa duk hannunsu ba ya zama wuri ɗaya. Kailu tela ne da ya fi son kwance keken ɗinki a kan ɗinkin kansa, Naziru kuma malamin makaranta ne a wani ƙauye gaba da Abala. Tare suka warware kyamarar a kan tabarma. Da hutu ya ƙare Naziru ya ce, "Baba, ka ida mani ita," ya shiga mota. Daga baya aka ga motar a daji, ƙofofi a buɗe, ba kowa a ciki.

Kailu bai yi kuka ba. Ya nemi kukan ma bai samu ba. A gaban masu zuwa jaje ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa ranar da ya gama gyaran nan, a ranar zai kama hanyar Abala, ƙauye bayan ƙauye, har ya miƙa wa yaron abinsa ko a kashe shi a can. Liman ya yi magana, 'yan'uwa suka yi. Kowa ya san masu tare hanyar nan ba ruwansu da furfura. Matarsa Basiratu kuwa ta ci gaba da kai wa masu jaje ruwa. Ta daɗe da sanin in mutumin nan ya rantse, magana ta ƙare.

Gyara ya yi ta tafiya. Ya goge madubin, ya saki maɓallin da ya cije, ya mayar da kowace kusa gurbinta. Saura fatar da ke lulluɓe jikin kyamarar, wadda ke toshe ramukan kusoshi don kada haske ya shiga ya ƙone fim. Gam na ruwa ba ya yi, zai zurara ciki ya daskarar da komai. Salatif mai kauri kuma yana hana murfi rufuwa. Sai siririn nan mai manne ciki da waje, wanda masu gyaran waya ke liƙa gilashi da shi, suna ce masa sikoc.

Ɗan abin nan shi ne garin Filinge kaf ya rasa.

Ya tsaya a teburin Yahaya mai gyaran waya, kamar kowace Lahadi.

"Ya ƙare, Baba," in ji Yahaya, idonsa a kan wayar da ke hannunsa.

Teburi na gaba ma ya ƙare. Na gaban wancan, mai shi na hango Kailu sai fitsari ya matse shi. Mutanen da ke liƙa gilasan waya daga safe har yamma, amma ba mai ko ɗan yanki. Da miyau suke liƙawa, Allah kaɗai ya sani. Kailu bai taɓa tambaya ba. Tambaya ma ƙarfi take so, shi kuwa ba shi da shi.

Ya gwada aike. Salisu direba, ƙanen Basiratu, yana zuwa Yamai kullum. Karon farko ya manta. Karo na biyu ya kawo mai kauri irin na liƙe kwali, yana ta ba da haƙuri.

A gida ba a zancen. Sau ɗaya tak Basiratu ta tambaye shi yadda abin yake, ita da tun aurensu ba ta taɓa kallon tarkacensa ba. Ya gwada mata faɗinsa da farce, ya ce fari ne, a naɗe. Ta gyaɗa kai ta koma wurin tukunya. Ran Lahadi takan riga shi fita da ciwon gwiwarta, ta bar masa kunu a rufe.

Damina ta zo ta wuce, aka yanke hatsi. Kailu ba ya jin haushi, ba ya jin gaggawa. Yana tafiya ne kawai, ya tambaya, a ce babu, ya wuce. Tsoron hanyar Abala ma ya daina ji. Abin da ya sani shi ne akwai rantsuwa a wuyansa, kuma ɗan siririn manne ne tsakaninsa da ita.

A wannan Lahadin, kusa da tashar mota ya ga teburin da bai sani ba. Wani baƙo ne ya kafa laima, ya baza wayoyi. Da suka gaisa ya ce daga Bonkuku ya zo, yau ce kasuwarsa ta farko a nan. Kailu ya fito da kyamarar ya nuna masa fatar.

"Sikoc siriri? Ayya, Baba, na taho da shi da yawa," in ji baƙon. "Wata tsohuwa ta riga ka. Tun ban gama shimfiɗa kaya ba tas saye shi duka, har jikkata sai da ta sa ni zazzagewa. Nic ce, Inna, mi za ki yi da shi, waya gare ki? Tac ce a'a, murhu taka sa shi. Wai duk Lahadi haka taka yi, ɗa guda anka ɗauke mata, ba ta ba su na biyu."

Kailu ya tsaya da kyamara a hannu.

"Ga ta can ma," in ji baƙon, ya nuna da baki. "Ko ka roƙe ta ta sam maka kaɗan."

Kailu ya juya. Basiratu ce, da kwando a kanta, tana ɗingishi zuwa teburin mai gyara na gaba.