Na'urar da Ta Cinye Bijimin Hamidu

Tun da maƙwabcinsa Zakari ya sayo na'urar faifai mai lasifika ko'ina, samarin unguwa suka daina zama ƙofar shagon Hamidu. Kullum suna can suna kallo. Abin ya tsaya wa Hamidu a wuya.

Ya sayar da bijiminsa a kasuwar Bonkuku, ya wuce Yamai, ya ɗauko tasa wajen wani dillali. Da ya dawo Filinge ya gayyaci kowa, ya zaunar da Zakari a gaba don ya gani da kyau.

Zakari ya leƙa bayan na'urar, ya shafa wani tabo.

"Hamidu, wagga ai tawa ce. Ta daina karanta faifai, shi ya sa na saishe ta. Kai ka saya?"