Faifai na Sha Biyu

"Sa mini na sha biyu," in ji maigida, ya miƙe ƙafa a kan doguwar kujera.

Matarsa ta zaro kwalin daga kabad, ta juya masa baya ta kunna na'ura. Shekara da shekaru yana tara finafinan ɗan leƙen asirin nan, kowane kwali ya fi takalman yaransa shan goga. Amma ya tashi ya saka faifai da hannunsa? Ina! Girmansa ya wuce nan.

"Kin ga mai baƙin tabarau ɗin can? Maci amana ne," ya ce. "Finafinan nan sun buɗe mini ido. Ko allura aka gusar a gidan nan, sai na gane."

"Haka ne, Baban yara."

Aka yi ta harbe-harbe, mota ta kama da wuta, jarumi ya fito yana gyara wuyan riga. Maigida ya buga cinya.

"Wannan shi ne fim! Ba irin shirmen na bakwai da kika sa mini jiya ba. Amma ku mata duk ɗaya kuke ganinsu."

Ta ce to, ta shige kicin ta toshe baki da mayafi.

Tun bara da mahaifiyarta ta zo, tsohuwar ta ga faya-fayan sun yi ƙura ta dirje su tas da soson ƙarfe, guda ɗaya ne ya tsira, wanda ke cikin na'ura. Shi ne na bakwai, shi ne na sha biyu.

Gobe kuma, in Allah ya kai mu, shi ne na farko.