Mai Fiton Sofiya

Rediyon shagon aski ya sako waƙar da ta zo ta ɗaya a 1984, mai farawa da fito. Tsohon da ake wa aski ya ɗago haɓarsa cike da kumfa.

"Ni na yi fiton nan, a birnin Sofiya."

"Maimaita mana, Baba," in ji mai askin. "Ko haƙoran roba sun hana?"

Ko gezau bai yi ba. Ya waiwayi matarsa da ke jiransa a bakin ƙofa. "Gaya musu, tsohuwa!"

Ta ajiye kwandon kabejinta, ta tattara leɓɓanta ta busa. Fiton ya fito tas, tamkar na rediyon.

"Ni na yi," in ji ta. "Shi jakata ya riƙe min."

Tsohon ya gyara zama. "To, wa ya aure ta? Ci gaba da askinka, yaro."