Gahawar Haraz

Kurɓa ɗaya tsohon ya yi, ya ajiye finjalin.

Shekara shida ke nan ɗansa na noman gahawa a duwatsun Haraz na Yaman, inda ake yaƙi. Wasiƙa ba ta zuwa, sai buhu guda duk lokacin Hajji: ƙananan 'ya'ya masu zaƙin zabibi, shaidar yana raye.

"Baba, na bana ne, ɗazu aka kawo," in ji 'yarsa, idonta a kan tabarma.

Ya sake kurɓa. Ɗan tsami, ƙamshin fure. Gahawar Habasha ce, wadda ake aunawa nan kasuwar Jarwal, unguwarsu a ƙasa mai tsarki.

"Kin iya zaɓe, 'yar nan," ya ce. "Tun yaushe kika san ya rasu?"