Kwakwar Da Katafila Ta Tsallake

Ku matso, ku huɗun. Tunda kun iya hawo jirgi daga Las Vegas da Siyatil don cin naman bikina, ku zauna ku ji abin da ya sami kawunku Lopaka.

Wata safiya ya shiga fadamarsa ya ji ruwan da ɗumi. Manomin gwaza a tsibirinmu na Maui ba sai an fassara masa wannan ba. Gwaza ruwa mai sanyi take so, mai tafiya. In ya tsaya ya yi ɗumi, ta ƙasa take ruɓewa, ganyenta kuwa kore shar. Ya tuge ɗaya ya matsa, ta fashe masa a hannu da wari.

Ya bi magudanar ruwan ya hau. Kakanninmu suka haƙa ta, tun kafin a tsige sarauniyarmu, tun kafin kamfanonin rake su janye rafukan gabas zuwa gonakinsu, tun kafin a ɗinka mu jikin tutar Amurka a tauraro na ƙarshe. Dokarta guda ce: ka ɗebi ruwa, ya ratsa gonarka, ka mayar da shi rafi saboda na ƙasa da kai.

A sama, a tsohon filinmu da mahaifinku ya sayar shekarar da aikin rake ya mutu, ya tarar da shingen ƙarfe. Bakin magudanar a ƙarƙashin wani dutse yake, cikin duhuwa. Masu awon gwamnati sun taɓa yini suna nemansa suka koma hannu wofi. Masu shingen nan kuwa kai tsaye suka je suka zura bututu. Ruwan da ya ciyar da kwarin nan tun tale-tale ya koma cika tafkin siminti, inda baƙi za su jiƙa ƙafa su ɗauki hoto.

Lopaka ya sa rigarsa mai kyau ya tafi garin Wailuku, inda ofisoshin gwamnati suke. Ofis ya tura shi ofis. A ƙarshe wani lauya mai sanyin murya ya ce masa filin na wani kamfani ne a Nevada, jihar da Las Vegas take, mai kamfanin kuma ba ya son a ambaci sunansa.

"Ba ya son sunansa, amma yana son ruwana," in ji Lopaka. "Ka gaya wa Baturen nan ya zo ya ci tafkin nasa in yunwa ta kama shi."

Ya dawo yana huci. A shagon bakin hanya, a ƙofar coci, duk inda ya sami kunne sai ya zazzage. Irinsu ne suka sa gida ya fi ƙarfin ɗan ƙasa, in ji shi. Irinsu ne suka sa jininmu ya fi yawa a can babban yankin Amurka fiye da tsibiran nan. Irinsu ne suka kori 'ya'yan yayarsa, yara huɗu masu hankali, suna can nesa, har cikin hamada, suna yi wa wasu bauta. Har ƙwalla yake yi in ya zo kanku.

Fadama ta farko ta tafi. Ta biyu ta fara rawaya. Mutumin da bai taɓa sayen gwaza ba, sai ga shi a layin kanti da kunshinta a hannu, yana ɓoye fuska.

Ranar da ya ji ƙarar katafila sai ya ɗauki adda. Niyyarsa ya datse bututun, in ya so a ɗaure shi. Ya tsallaka shingen, ya tsaya cak.

Kwakwa huɗu ne a jere a filin nan, daga bakin rafi zuwa inda ɗakin girkinmu yake a da. Uku na kwance, saiwoyinsu a sama. Ɗaya na tsaye, an kewaye ta da jan ƙyalle.

Mai tuƙin Rudy ne, ɗan Agbayani mai gyaran taya. Ya kashe injin.

"Kawu, ajiye addar nan. Tuƙi kawai aka ɗauke ni."

"Uwarka ta yaye ka da gwazata, yau kai ne kan katafila. Me ya hana ka ƙarasa? Man ya ƙare?"

"An ce kar in taɓa waccan."

"Waccan karkatacciyar? Ko 'ya'yan kirki ba ta yi. Ita ce ma ta tare musu ganin teku."

"Haka na faɗa. Mai wurin da kansa ya kira shugabanmu a waya. Ya ce ta uku daga bakin rafi, ko saiwarta aka yanka a bakin aikinmu. Sauran a tuge."

"Ya taɓa zuwa nan?"

"Mu dai ba mu taɓa ganinsa ba."

Lopaka ya juya ya ƙirga daga bakin rafi. Ya sake ƙirgawa. Bai datse bututun ba, bai koma Wailuku ba. Nan ya zo, ya zauna a kan matakalar can, addar a cinyarsa. Ya ce mini:

"Yaya, ba Bature ba ne."

Tun ranar bai sake zagin kowa ba, abinci ma sai na tsaya a kansa. Shi ya sa ba ku gan shi a wurin bikin ba.

Ni ba zan kai ɗan cikina gaban alƙali ba, kuma ba zan zuba ido ƙanena ya ruɓe tare da gonarsa ba. Ku sasanta wannan magana a tsakaninku kafin wani ya hau jirgi, ruwan nan ya koma hanyarsa. Da hannuna na haƙa ramukan nan huɗu, ina jego, na binne mabiyiyar kowannenku na dasa masa kwakwa a kai. Ta uku daga bakin rafi taka ce, Ikaika.