Kainuwa Biyu a Tafkin Unguwa

"Wai buhu nawa na kainuwa mutumin nan ya juye mana a tafki?" Ta bayan zana na ji yayan mijina yana wannan tambaya, ina tankaɗen gari. Maza ne cike da zaure, ana shari'ar wani masunci baƙo da ya sauka unguwarmu da komarsa. Kainuwa ta rufe tafkin da muke wanki, shanu ba sa samun wurin sa baki, aka ce shi ya kawo ta. Surukina ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce a ƙwace komar, mutumin ya bar gari kafin Juma'a. Bawan Allah sai rantsuwa yake yi, yana cewa, "Baba, ku ji tsoron Allah, na tarar da ita a ruwan."

Ni a aji huɗu na tsaya, amma ina da ido. Duk Laraba nake wanki, kuma mai kunya ba ta da abokin hira sai abin da ke gabanta. Tun kainuwar tana 'yar kaɗan nake ƙirga ta. Wata Laraba kai goma sha takwas na gani, ta gaba hamsin da huɗu, wato kowane mako ninki uku take yi. Sai na ɗauki ƙwayar masara na koma da baya a kan faifai. Sha takwas gida uku, shida. Shida gida uku, biyu. Biyu ba ta rabuwa uku, nan ne tushe. Ba buhu, ba ko ƙwarya, kai biyu tak. Na lissafa makonnin, suka faɗa daidai ranar da surukina ya dawo daga kogi da kainuwa don haɗa maganin tari, ya watsa ragowar biyun a ruwa ina durƙushe ina gaishe shi. A lokacin masuncin ko hanyar garinmu bai sani ba.

Raina ya ɓaci. Mutum da furfurarsa, ya raba wani da abincin 'ya'yansa a kan abin da hannunsa ya shuka! Amma wata bakwai ke nan da kawo ni gidan, ko sunansa ba na faɗa, ina ni ina ƙaryata shi a gaban maza? Na ji an ja komar a ƙasa an wuce da ita. Na tattara masarata na mayar cikin kwano, na ƙudura ko mijina ba zai ji ba. Gaskiyar masu iya magana ce: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.